Wane Halak Ake Bari Don Kunya?

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wani magidanci da ke zaune a wani ƙauye cikin ƙasar Gumel, kuma ya roƙi a sakaya sunansa da na garinsu. Ga abin da ya rubuto a taƙaice:

"Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu shekara 13 da suka wuce, lokacin ina da shekara 15. Ya bar mahaifiyarmu da mu huɗu, ni da ƙanina da 'yan'uwanmu mata biyu, ya kuma bar babbar gona a gabas da gari wadda a shekarar albarka takan ba da dami 70 na gero, ban da wake da riɗi. Ƙanin mahaifinmu, Baffa, shi ya karɓi gonar yana nomawa, shi ya ciyar da mu a shekarun farko, shi ya aurar da 'yan'uwana mata, shi ya tsaya mini a aurena. Yanzu ina da mata da 'ya'ya biyu, ba ni da abin nomawa sai 'yar gayauna, duk shekara sai na tafi Kano ci-rani. Baffa bai taɓa tayar da maganar gonar ba, hatsin da yake aiko wa Inna ma ya daina aikowa shekara uku ke nan, kuma na ji ƙishin-ƙishin wai yana son ya jinginar da ita saboda auren ɗansa. Da na yi wa Inna maganar sai ta ce in rufa mata asiri, ana barin halak don kunya. Abokaina kuwa cewa suke kunyar marar kunya asara ce, in kai shi kotu. Ni kuma ko ido ba na iya haɗawa da shi. Wace magana zan bi?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya kyautata makwancinsa, Ya saka wa duk wanda ya sa hannu a renonku da alheri. Da gangan na sa Baffanka cikin wannan addu'a tun kafin mu shiga magana, domin na lura ka lissafa alherinsa kafin ka zo kan laifinsa, kuma mutumin da yake iya yin haka alhali ransa a ɓace yake, akwai alamar zai iya ɗaukar shawarar da ba ta da daɗin ji.

Maganganun nan biyu da suka sa ka a tsakiya duk na magabata ne, kuma bakin da ya faɗi ta farko shi ya faɗi ta biyu. Mutanen da sun bar mana karin magana ne kamar yadda manomi yake jingine kayan aikinsa a bayan rumbu, ga sungumi, ga fartanya, ga lauje, kowanne da ranarsa, kuma wanda ya ɗauki lauje ya tafi shuka ba zai ce maƙeri ne ya cuce shi ba. Inna ta ɗauko maka ɗaya, abokanka sun ɗauko maka ɗaya, kowa yana ganin tasa ce za ta yi aikin gaba ɗaya, alhali matsalar taka kashi-kashi ce, kuma kowace magana tana da kason da ya dace da ita.

Ka fara da fahimtar Inna, kada ka ɗauki maganarta a matsayin tsoro irin na tsofaffi. Matar da mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu a tsakiyar danginsa ba ta manta wanda ya shigo da dami ranar da rumbu ya yi ƙasa, kuma ita ce za ta ci gaba da haɗuwa da matan Baffa a gidan suna da gidan biki da bakin rijiya bayan kai ka hau mota ka tafi Kano. Da ta ce ka rufa mata asiri, abin da take gudu shi ne a ce ita ta zuga ɗanta ya tozarta ƙanin ubansa, kuma ka san a ƙauye irin wannan magana tana iya bin mace har ƙarshen rayuwarta. Abokanka kuwa babu ɗayansu da zai rasa baffa idan abu ya ɓaci. Za su raka ka zaman farko, watakila da na biyu, daga nan kowa ya koma sabgar gabansa.

Duk da haka maganar Inna tana da iyaka, kuma iyakar tana cikin maganar kanta. Halak ɗin da ake bari don kunya shi ne halak ɗin mutum na kansa, kamar naman da aka ajiye a gabanka a gidan surukai ka ce ka ƙoshi, ko bashin da ka biyo maƙwabci ka tarar yana jinya ka juya ba ka ambata ba. To, gonar nan ta wace ce? Idan ta mahaifinku ce shi kaɗai, kuma ya rasu iyayensa ba sa raye, ba shi da wata matar, babu bashi ko wasiyya a kansa, rabon da ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i suka tsara a bayyane yake. Inna tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, saura kuma naku ne ku 'ya'ya, namiji yana ɗaukar rabon mata biyu. Ka ɗauka an yanka gonar gida 48: Inna tana da 6, kai kana da 14, ƙaninka 14, kowace daga cikin matan tana da 7. Baffa ba ya cin gadon wansa a wannan hali, domin ɗa namiji yana shamakance ɗan'uwan mamaci. Ka ga ke nan abin da yake naka bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, sauran 34 ɗin kuwa ba ka da ikon yin kara da su, domin wanda ya yi kyauta da akuyar maƙwabcinsa babu mai kiransa da mai kyauta. Inna ma tana da ikon yafe nata, amma ba ta da ikon yafe na 'ya'yanta da suka riga suka mallaki hankalinsu.

Na san yadda aka saba a garuruwanmu game da rabon mata. Mace takan bar nata a hannun maza, ta ce me za ta yi da gona tana gidan miji, alhali ba a taɓa tambayarta a wurin da za ta iya faɗin abin da ke ranta ba. Wannan al'ada ce da nake ganin tana cikin waɗanda muka fi cutar da juna da su da sunan kunya, domin ranar da aurenta ya mutu ko mijin ya rasu, wannan 'yar gonar ita ce kaɗai abin da za ta dogara da shi. Ka je gidan kowacce ka gan ta ita kaɗai, ba a gaban mijinta ba, ba kuma a gaban Inna ba, ka faɗa mata adadin haƙƙinta, ka saurari abin da za ta ce. Ƙaninka kuma yau ko gobe zai nemi aure, kuma dangin yarinyar abin da za su fara tambaya shi ne inda yake noma. Kai ne babban namiji a ɗakinku, shirunka shi yake rufe bakin su ukun.

Kunya kam reshe ce ta imani kamar yadda ya inganta a hadisi, kuma Allah Ya raba mu da ranar da za ta ƙare a cikinmu. Amma ka tuna aya ta 53 ta Suratul Ahzab, inda baƙi suka daɗe da zama suna hira a gidan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bayan an gama cin abinci, yana jin nauyin ya sallame su, sai aka saukar cewa Allah ba Ya jin kunyar gaskiya. Kunyar da kake ji ta hana ka ɗaga murya a gaban Baffa, wannan ka riƙe ta da kyau. Wadda take hana a ambaci haƙƙin mutum huɗu kuwa, ita ce za mu nemi hanyar da za a bi ta gefenta.

Sai dai kafin ka buɗe baki a gaban kowa, akwai abin da ya wajaba ka tabbatar, kuma ban ga ka ambace shi a wasiƙarka ba. Ta wace hanya gonar ta zo hannun mahaifinku? Yaro ɗan shekara 15 inda ya ga ubansa yana noma nan yake ɗauka nasa ne. Idan saye ya yi, ko shi ya sare dajin, ko an raba gadon kakanku ta faɗo a rabonsa, lissafin da na yi maka yana nan daram. Idan kuwa gandun kakanku ne da ba a taɓa rabawa ba, mahaifinku yana riƙe da shi ne a matsayin babban wa, to Baffa yana da rabo daidai da na mahaifinku, gwaggonninku ma suna da nasu, kuma abin da za ku gada shi ne kason mahaifinku kawai. Samari da yawa sun shiga gaban alƙali suna huci sun fito kai a sunkuye saboda wannan tambaya guda ɗaya. Gonakin karkara mafi yawansu ba su da takarda, ko da yake dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya. Takardar gona a wajenmu ita ce abin da maƙwabtan iyaka suka sani, da layin gamba da aka dasa tsakanin gona da gona, da gawo ko kukar da kowa ya san mai ikon sassabe ta ko ɗiban ganyenta. Ka je wurin dattawan da gonakinsu suke iyaka da taku, ka gaishe su gaisuwar ɗan marigayi da ya zo jin labarin ubansa, ka bar su su yi ta zuba. Tsoho idan ya ga alamar shaida ake nema sai ya ce ya manta, idan kuwa tarihi aka zo ji sai ya kai ka har zamanin kakan kakanka.

Yanzu bari in tsaya wa Baffa kaɗan, tunda ba ya nan balle ya kare kansa. Aya ta 6 ta Suratun Nisa'i, wadda ta yi umarni a miƙa wa marayu dukiyarsu idan sun balaga an kuma ga shiriya a tare da su, ita ce kuma ta ba mai riƙon maraya izinin ya ci gwargwadon abin da aka sani idan shi mabuƙaci ne. Mutumin da ya noma gonar da ƙarfinsa da na 'ya'yansa, ya zuba mata taki, ya ciyar da ku, ya yi wa mata biyu kayan ɗaki, ba za a ce duk damin da ya shiga rumbunsa haram ne ba. Yana yiwuwa kuma shirun da ya yi irin naka ne: ya san lokaci ya yi, amma gidansa ya cika da bakuna, ya saba da amfanin gonar, kuma kowace shekara yana cewa a ransa bari yaron ya zo da kansa. Ku biyun kuna zaune a gari ɗaya kuna jin nauyin juna, shekaru suna wucewa. Ban ce haka abin yake ba lalle, amma ba ka da hujjar kiransa marar kunya tun ba ka tambaye shi ko sau ɗaya ba, saboda haka maganar abokanka ba ta riga ta hau kansa ba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne hatsin da aka daina aiko wa Inna, ya ma fi jita-jitar jingina damuna. A garinmu, cikin ƙasar Gaya, ina yaro akwai wani dattijo da yake noma gonar wansa marigayi. Kowace kaka, ranar da aka gama ɗaurin gero, shi da kansa yake ɗaukar dami ɗaya a ka, ya ratsa tsakiyar gari, ya bi ta gaban masallaci daidai lokacin da aka fito daga sallar La'asar, ya kai ƙofar gidan matar wan nasa, ya jingine damin a jikin danga, ya yi sallama, ya juya. Yana da samari uku da jaki, kuma akwai hanyar bayan gari da ta fi kusa, sauran hatsin da yake ba su ma da dare yake aikawa ba wanda ya gani. Mu yara dariya muke yi masa, muna cewa tsoho ya fara ruɗewa. Sai da na girma na gane cewa wannan dami ɗaya shi ne takardar gonar. Yana sa gari ya shaida duk shekara cewa gonar tana da masu ita, yana kuma sa 'ya'yansa su gani da idonsu, don kada wata rana bayan ransa su ce gonar babansu ce. A gidanku an yi kaka uku ba a ɗauki wannan dami ba, kuma ƙananan 'ya'yan Baffa suna tasowa ba su san gonar da wani suna ba sai gonarmu ta gabas.

Watakila wani ya tsorata ka da cewa wanda ya riƙe gona shekara 10 ta zama tasa. Akwai asalin maganar a fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'armu suke aiki da shi, ana kiran ta hauzi, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu ta kawo ta: wanda ya riƙe gida shekara 10 ana danganta gidan gare shi, mai shi yana nan, yana sane, bai yi magana ba, to mai shi ba shi da sauran da'awa. Amma a wurin ta ƙara da cewa babu hauzi tsakanin dangi da surukai a irin wannan tsawon lokaci, kuma abin da ya shiga hannun mutum ta hanyar amana ko aro daɗewa ba ta mayar da shi mallaka. Saboda haka shari'a ba ta rufe muku ƙofa ba. Abin da lokaci yake ci shi ne shaidu, domin duk dattijon da aka kai makwancinsa ya tafi da wani yanki na tarihin gonar, kuma rigimar da ba a warware tsakanin baffa da ɗan wansa ba, tsakanin 'ya'yan maza take faɗowa, inda babu wanda yake jin nauyin wani.

Akwai kuma abin da ya sauya tun zamanin da aka ƙirƙiri waɗannan maganganu. A da saurayin da ya bar wa baffansa gona don kunya yakan je wurin mai gari ya nuna masa daji, ya sare, ya yi tasa. Yau ina dajin yake? Ƙidayar 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jiharku ta Jigawa, ta samu mutum kusan miliyan 2.9 a jihar, ta 2006 kuma ta samu sama da miliyan 4.3, ƙasa kuwa ba ta ƙaru da taku ɗaya ba. Ga riɗi da zoɓo sun zama kuɗi, duk wanda yake shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san haka, kuma gonar da take ba da su ba ta da sauƙin samu ko da aro. Barin gona a yau yana nufin barin 'ya'yanka su tashi 'yan ƙodago, kuma ba na jin magabatan da suka yi maganar barin halak haka suke nufi.

Abin da ya rage shi ne yadda za a yi, kuma a nan ne hikimar mutanen da ta fi yawa, domin sun fi mu sanin cewa gaskiya tana da lokaci da ƙofar shiga. Maganar gona ba a tayar da ita shuka tana ƙasa. Wanda ya zo wa manomi da batun karɓar gona bayan ya yi huɗa, ya yi noman fari, ya yi maimai, ko da shi ne mai gaskiya gari zai ba shi rashin gaskiya. Lokacinta shi ne bayan an kai amfani gida an kwashe kara, kafin a fara jigilar taki da sharar gona, saboda haka bana ka jinkirta tafiyarka Kano da mako biyu ko uku, kada ka bari sai ka dawo hadari ya fara haɗuwa. Wanda zai share maka hanya kuma ya zama daga tsatson mahaifinka. Idan kuna da gwaggo, ita ce ta fi kowa dacewa, domin tana iya shiga har ɗakin Baffa ta faɗa masa abin da babu namijin da zai iya faɗa masa, kuma ba zai ce bare ya shigo maganar gida ba. Idan babu ita, ka nemi aminin mahaifinka ko limamin gari. Kada ka fara da kawunka, komai kirkinsa, domin da zarar ya sa baki za a ce dangin uwa sun taso wa dangin uba, kuma abin da Inna take gudu ke nan.

Bayan gwaggo ta yi nata, kai da ƙaninka ku je da ƙafarku, domin babba yana jin zafin a ce magana ta zagayo masa ta bakin wasu yaron bai zo ba. Ku same shi a zaurensa bayan sallar Asuba ko bayan Isha'i, ba ranar kasuwa ba, ba kuma a majalisar da yake zama da tsaransa ba. Ku cire takalma, ku durƙusa kamar yadda kuka saba, ku ajiye masa ɗan goro, sannan ka ce masa wani abu mai kama da haka: "Baffa, mun zo ne mu yi godiya, abin da ka yi mana bayan rasuwar Baba sai dai Allah Ya biya ka. Ka ga iyali sun ƙaru, wannan ma ga shi ya tasa, 'yan'uwanmu mata kuma haƙƙinsu yana wuyanmu. Muna roƙonka, tunda kai ne ubanmu, ka kira malam ka sa a raba mana abin da Baba ya bari da hannunka, tun kana raye, don kada mu saɓa a tsakaninmu bayan babu kai." Babu ƙarya ko ɗaya a cikin wannan magana, kuma ta bar shi a mazauninsa na uba mai rabawa, ba ta tsayar da shi a matsayin wanda ake tuhuma ba. Idan ka gama ka yi shiru, kada ka ƙara, kada ka yi ta ba da haƙuri har maganar ta narke. Zai iya cewa ya ji, ku je zai neme ku. Ku yi godiya ku tashi, ku ba shi kamar mako biyu, kuma a tsakanin nan kada maganar ta je teburin mai shayi, domin magana zarar bunu ce, kuma mutumin da zai iya sakin gona cikin sirri ba lalle ya iya sakinta gari yana kallo ba.

Nan ne kuma maganar Inna za ta yi aikinta, domin akwai halak ɗinka da ya dace ka bari. Kada ka nemi lissafin amfanin shekara 13, ka roƙi 'yan'uwanka su ma su yafe shi, ku faɗa masa da bakinku cewa kun yafe. Idan ya zuba taki a gonar kwanan nan, wanda amfaninsa ba ya ƙarewa a damina ɗaya, adalci ne a bar shi ya ci damina mai zuwa ko a biya shi wahalarsa. Idan kuma bayan an raba ka ga gidansa zai shiga ƙunci, ka yanka masa 'yan kunyoyi daga cikin rabonka ka ba shi aro, wannan ita ce kara ta gaskiya, domin daga abin hannunka ta fito kuma ya san an yi masa. Amma rabon da aron duka a yi su a gaban malam da mai unguwa da maƙwabtan iyaka, a dasa gamba, a rubuta a takarda kowa ya sa hannu. Idan wani ya ce rubutu tsakanin uba da ɗa rashin yarda ne, ka tuna masa cewa ayar nan ta 6 da ta yi maganar miƙa wa marayu dukiyarsu ita ce ta ce a kafa shaidu lokacin miƙawar.

Batun jingina kuwa, ƙishin-ƙishin ka ji, saboda haka gwaggo ta tambaye shi kai tsaye. Idan gaskiya ne kuma abin yana gab da faruwa, kada ka jira duk waɗannan matakai. Ka je wurin mai unguwa ko bulamanku cikin sirri ka shaida masa cewa gonar tana da magada kuma ba a raba ba, domin da wuya a ƙulla jingina ko ciniki a ƙauye ba da saninsa ba, kuma babu mai zuba kuɗinsa a gonar da aka ce akwai magana a kanta. Ka tuna kuma auren nan na ɗan'uwanka ne, kuma Baffa ya tsaya maka a naka. Ko ba ka da kuɗi, kana da ƙarfin kwaɓa ƙasa da buga tubali da ɗora jinka, ka kasance cikin na farko da za a gani a wurin ginin ɗakin amarya.

Idan aka bi duk wannan ya ƙi, ko ya yi ta cewa gobe har damina ta sauka, sai liman da dattawan dangi su zauna da shi, daga nan mai unguwa, daga nan dagaci, daga nan hakimi. Mutumin da aka bi ta waɗannan ƙofofi duka ya ce gonar tasa ce alhali shaidu sun ce ba haka ba, shi ne wanda maganar abokanka ta hau kansa, kuma a lokacin zuwa Kotun Shari'a ba abin kunya ba ne. Ko a can ma abin da za ku nema shi ne alƙali ya raba muku gadon mahaifinku, ku dukanku magada a tare, ba ƙarar cin amana ba. Na san gidaje biyu da katanga ɗaya ta raba, waɗanda suka sayar da sa saboda zirga-zirgar shari'a, har yau jikokinsu ba sa zuwa jana'izar juna, na kuma san marayun da suka yi shiru har suka wayi gari ana biyansu kuɗin yini a gonar ubansu. Kada ka yarda a sa ka zaɓi tsakanin waɗannan biyun tun ba a gwada abin da ke tsakaninsu ba. Kuma duk inda maganar ta kai, kada gaisuwar safe ta yanke, kada ka fasa zuwa gayyarsa, kada matarka ta daina aika wa matansa tuwon sallah.

Kowane mataki za ka ɗauka, Inna ta ji shi daga bakinka kafin ta ji daga waje. Ka zauna da ita da dare bayan yara sun yi barci, ka yi mata lissafin nan na gida 48, ka nuna mata cewa nata tumunin tana iya bar wa Baffa idan ta ga dama, babu mai ce mata don me, ka kuma yi mata alkawarin ba za ka ɗaga masa murya ba ko da shi ya ɗaga. Sannan ka roƙe ta ta faɗa maka yadda mahaifinku ya samu gonar da sunayen waɗanda suke wurin, domin ta san su, ka fara zuwa wurin wanda ya fi tsufa a cikinsu tun cikin wannan makon.